Waya Ɗaya, Gida Goma Sha Huɗu

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku ya zauna nan yana latsa salula, ya ce mini aikinmu ba sana'a ba ce. Wai ka ɗora faranti a kan katanga, ka yi ta juya shi har hoto ya fito, ka karɓi ladanka ka kama gabanka. Ban yi masa musu ba, don iyakar abin da ya gani ke nan. Ku ƙaramin faranti kuka tarar, wanda mutum ɗaya zai ɗaure a bayan babur ya tafi da shi garin Bangi. Namu na farko sai da ƙarti shida suka kama, kuma kafin a bar mutum ya taɓa shi sai ya yi shekaru yana shaƙar ƙurar cikin rediyon jama'a. Duk da haka ba nan wahalar take ba. Na'ura in ta lalace shiru take yi ta bar ka ka duba ta, amma mai ita yana tsaye a kanka yana gaya maka ciwonta da maganinta.

Ni Ishaya a gefen asibitin mishan na tashi, inda mahaifina yake aikin wanki. Da na gama ƙaramar lakwal, wato firamare, kaina ya ƙi ɗaukar ta gaba, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Nomau mai gyaran rediyo, a gindin wani dogon yaro. Kayan aikin Baba Nomau duka a akwatin sabulu ɗaya suke: turnabis uku na kwance kusoshi, awartaki, dunƙulen dalma, gashin zabo na share ƙura, da ƙarfen liƙi wanda ake turawa cikin garwashi sai ya yi ja. Ba mu da abin awon wuta, harshe ne ma'auninmu. Ka jawo waya daga pil, wato batir, ka ɗora a kansa, in ya cije ka da sauran rai, in bai cije ba a jefar. Shekara biyu na yi ban liƙa ko waya ɗaya ba. Hura wuta, kwance kusoshi, korar kyankyasai daga cikin rediyo, shi ne karatuna.

Aikin farko da aka bar mini ni kaɗai rediyon wani manomi ce daga Sabon Gida. Ta daina magana tun kaka, ya kawo ta a naɗe cikin rawani. Na buɗe, na tarar zanzaro ya gina gidan laka a bayan lasifika, har hawa biyu. Na kankare shi, na goge, rediyo ta kama magana tangaran. Ina ta murna ni kaɗai. Mutumin ya dawo da la'asar, ya karɓa, bai ko kunna ba, sai ya ɗora ta a tafin hannu yana jinjinawa.

"Ta rage nauyi," ya ce. "Yaro, mi kac cire mata?"

Na ce laka ce. Ya ce shi ya san kayansa, da nauyinta ya saye ta, kuma kowa ya san mai nauyi ita ce ta ƙwarai. Baba Nomau ya duƙa ya tsince ɓaraguzan gidan zanzaron, ya ƙulle a takarda, ya miƙa masa, ya ce ga kayanta nan, ya ajiye su kusa da ita amma kada ya mayar ciki. Mutumin ya tafi yana godiya, shi da ƙullinsa.

Irinsa na gani ba adadi. Akwai mai cewa tashoshin nesa sun fi cin pil saboda doguwar tafiyar da muryar take yi, a toshe masa su. Akwai mai shanya pil a rana kamar kilishi. Akwai wani mutumin garin Buza da ya dawo mana da rediyo, ya ce tun da muka gyara ta ba ta faɗin komai sai mugun labari, a mayar masa da ita yadda take.

Bayan shekara bakwai Baba Nomau ya sallame ni da turnabis ɗaya da albarka, na zo Madawa neman wurin zama. Alhaji Illa mai albasa, wanda motocinsa ke kai kaya har bakin teku, ya ji labarin na tayar da wata rediyo mai kaset da kowa ya ce ta mutu. Ya ba ni rumfa a jikin shagonsa, bakin kwalta, daidai inda motocin Buza da Keita suke sauke mutane. Duk mai rediyo a hammata sai ya bi ta gabana. Ni kaɗai ne Kirista a layin, amma tunda Alhaji ne ya zaunar da ni ba wanda ya taɓa ce mini ci kanka. Sharaɗinmu ɗaya ne: duk abin da ke da waya a gidansa, lafiyarsa a wuyana take. Da rumfar nan nake ci da matata Rahila da ƴaƴanmu biyu, kuma ba ni da ko taki ɗaya na gona a Madawa.

Parabol ɗin Alhaji, wato babban farantin nan, a saman motar albasa ya zo daga Najeriya, gunduwa-gunduwa, raga ce ta ƙarfe mai faɗin ɗaki. Kwana uku muka yi muna haɗa shi a filin bayan gida. Sai juyi: ni ina riƙe da ƙarfe a rana, wani yana cikin zaure gaban tele yana ihu, "Ya zo! Ya tahi! Koma baya! A'a, ka wuce!" Ran nan na gane ashe tsakanin ya zo da ya tafi bai fi faɗin farce ba. To, ku fahimci yadda abin yake a lokacin. Akwati ɗaya ne ke zaɓen tasha, muna ce masa dimo, yana cikin zauren Alhaji. Daga gare shi waya take fita, kuma duk telen da ke kan wayar nan abin da dimo ya kama shi za ta nuna, ko tana so ko ba ta so. Na ja wa wuri huɗu da hannuna: zaure, cikin gida wurin mata, gidan ƙanen Alhaji, da gidan limamin unguwa. Waya ce mai kyau, baƙa mai kauri, na bi da ita kan katanga ina ɗaurewa.

Abin canza tashar kuwa a aljihun gaban rigar Alhaji yake kwana, tare da goro. Wata rana ya rufe zaure ya bi motar albasa da shi a aljihu, ya bar dimo a kan wata tashar Turawa da ba a nuna komai a cikinta sai taswira da gajimare. Mako uku sauran wurare ukun suna kallon ruwan saman wata ƙasa. Liman ya ce shi ya ƙaru, don yanzu ya san akwai inda ake ruwa kullum kuma mutanen wurin ba sa ko murmushi.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu, sefa, ita ce muguwar shekararmu. Manomi gero yake ci, bai damu ba sosai. Mu kuwa komai namu daga waje yake zuwa, daga dalma har ƙaramin kusa. Aka wayi gari abin da kake saye jiya ya fi ƙarfinka, masu sayarwa ma suka ɓoye kaya suna jiran su ga inda duniya za ta tsaya. Na koma narkar da dalma daga jikin matattun rediyo ina sake aiki da ita. Mutane suka daina kawo gyara, in rediyo ta mutu sai a rufe ta da kyalle a ce Allah ya ji ƙanta. A cikin wannan hali ne hoton Alhaji ya fara abin da muke kira yayyafi, wato ɗigo-ɗigo fari da baƙi da ke rufe fuskar tele. Da fari kaɗan ne. Kafin zafi ya tsananta, mai karanta labarai sai ka ce a bayan asabari yake zaune.

Saura kwana goma Arfa Alhaji ya aika a kira ni. Na same shi a zaure yana kallon yayyafinsa, fuska a murtuke.

"Ishaya, ka san Inna ta tahi Makka."

"Na sani, Alhaji. Allah shi maido ta lahiya."

"Ran Arhwa Larabawa za su nuna mahajjata tun sahe. Ni uwata nika son gani da idona, kuma na hwaɗa ma mutane su zaka su gani. In wanga yayyahi bai ɗauke ba ran nan, ka kwashe tarkacenka daga rumfata in ba mai goro."

Na ce, "Alhaji, hoto dai ina iya ƙoƙarinai. Amma mutanen wurin nan sun hi tururuwa yawa."

"Uwata ta," ya ce. "Ko cikin tururuwa ina gane ta."

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ɗauki akwatin kayana na fara da farantin. Na tarar matan gida sun gano amfaninsa da ni ban sani ba: an shimfiɗa leda a ciki ana shanyar tumatir da kuɓewa, don akuya ba ta kaiwa. Zabi sun mayar da bakinsa wurin kwana. Kan da ke tsakiya, wanda shi ke karɓar hoton, wani mai tausayi ya kifa masa ƙwarya don kada rana ta dame shi. Na kwashe duka, na wanke, na koma zaure da sauri. Yayyafi ya ragu kamar an ɗebi cokali ɗaya daga randa.

Sai na bi waya. Na hau katanga ina shafa ta taki-taki, kuma ban yi nisa ba na ci karo da wani ƙulli na leda da robar taya. Na kwance. An tsaga wayata da reza, an murɗa wayar birkin keke a jikinta, an ja ta ta sauka cikin gidan Tsahiru mahauci. Daga gidan Tsahiru wata ta fita zuwa gidan tela. Daga gidan tela ta rabu biyu. Wani da wayar shinge ya ja tasa, matarsa har ta shanya zane a kai. Na yini a kan katangun mutane ina sallama daga sama, mata suna gudu suna neman mayafi. Da na ƙirga, wuri huɗun da na ja wa sun zama goma sha huɗu. A gida na ƙarshe ma babu tele sam. Maigidan ya ja wayar ya ɗaure a ƙusa a tsakar ɗaki, ya ce yana son ta saba da wurin kafin Allah ya hore.

Kada ku ce ɓarayi ne, don ko ɗaya bai ɓoye ba. A wurinmu abu biyu ne ba a hana maƙwabci, ruwa da wuta. Mace za ta shigo da kasko ta yi sallama ta ɗebi garwashi a murhunki, ba sai ta roƙa ba, kuma wadda ta hana sai an yi shekara ana zancenta a bakin rijiya. To mutanen unguwar nan a layin wuta suka sa hoto. Na sami Tsahiru yana feɗe rago, na yi masa bayani da hankali cewa abin da ke cikin waya ƙarfinsa da iyaka, in an raba shi sai ya yi rauni. Ya ajiye wuƙa ya dube ni kamar yana jin tausayina.

"Kai Ishaya, da karatunka. In na ɗebi wuta murhun Alhaji, wutatai raguwa takai?"

Akwai wani tsohon malamin lakwal da ke zaune kusa, Malam Abube, wanda ya san komai tun daga kan taurari har kan ciwon jaki. Shi ma ya ja tasa wayar. Ya ce in daina ɗora wa talakawa laifi, shi ya gano inda abin yake. Turawan da suka rage kuɗinmu da rabi su ne suka rage mana hoto da rabi, don tauraron nasu ne. Duk wanda ke wurin ya ce wallahi haka ne.

Na koma wurin Alhaji da ƙarfin gwiwa, ina ganin na kama ɓarawo da kaya a hannu. Ashe duk ya sani. Kowannensu ya tare shi bayan salla ya ce, "Alhaji, za mu ɗan ɗiba," shi kuma ya ce, "Ba komi." Na ce to a yanke goma a bar huɗu, hoto zai dawo ras. Ya miƙe zaune.

"Ni Illa, a ce na hana maƙwabci kallo? Da wane ido za ni shiga masallaci? Ka yanke ma mutum guda, ka kwashe kayanka."

Gaba kura, baya siyaki. Maganin abin na san shi, wani ɗan akwati ne da muke kira ampli, mai ƙara wa waya ƙarfi. Na je Ƙonni babu, na je Maraɗi aka ce an ɓoye. Na ba wani direba saƙo zuwa Kano, ya ce sai bayan Salla. Sai na koma roƙo, gida-gida, su kwance wayarsu yini ɗaya kawai su zo zauren Alhaji su kalla. Maza suka ce to. Mata daga bayan ƙofa suka ce a'a, su ba su fita, kuma Inna ba ta Alhaji ba ce shi kaɗai. Ungozoma ce, rabin yaran unguwar ita ta yanke musu cibi. Matar Tsahiru ta ce in na taɓa wayarta sai dai in gaya wa mijinta inda zai ci tuwon Salla. Ba na ɓoye muku, na ji tsoro. Na riga na fara tunanin wanda zai ara mini amalanke in kwashe benci da akwatuna.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ran Arfa da hantsi Alhaji ya sa aka tada injin wuta, don bai yarda da wutar gari ba. Aka fito da tele ƙofar zaure, aka baza tabarmi. Mutane sun fi hamsin, kusan duk da azumi a baki, rana kuma tana dukan ƙasa tun da safe. Ni ba na azumi, amma ko ruwa ban sha ba, don ba a sha gaban mai ƙishi. Na tsuguna a bayan tele kusa da dimo. Aka kunna. Yayyafi ya sauko kamar da gayya, ana jin muryar Balarabe sarai amma ba a ganin komai sai inuwa. Alhaji ya juyo ya dube ni.

A nan na yi abin da aka hana ni. Na sa hannu a hankali na murɗe wayar da ke fita zuwa sauran gidaje, na cire ta, na danne da ƙafa.

Jama'a, ban taɓa fitar da hoto irin na ran nan ba, kafinsa da bayansa. Dutsen ya fito, fararen kaya suka fito, lema kala-kala, har zufar da ke goshin mutane ana gani. Wurin ya ɗauki kabbara. Wani tsoho ya fashe da kuka. Na ji kaina ya kumbura, na ce a raina da ma Baba Nomau yana nan.

Sai aka shiga neman Inna. Fuska tana zuwa, fuska tana wucewa, kowacce tsaf kamar a gabanka, kuma kowacce ba ita ba ce. Farare, jajaye, masu ƙananan idanu, baƙaƙe irinmu amma ba namu ba. Alhaji ya bar kujera ya durƙusa gaban tele, hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama. Kabbara ta ƙare, aka fara tsaki.

"Ishaya," ya ce ba tare da ya juyo ba, "wanga gehen Larabawa na. Juya hwarantin wajen tantin ƴan Nijar."

Na ce ba farantin ke ɗaukar hoton ba, wani ne a can yake ɗauka ya aiko. Malam Abube ya ce ana iyawa, a ɗan karkata shi yamma, tunda mu daga yamma muka je.

Ana cikin haka sai ga Tsahiru ya shigo yana haki, ya ce gidansa ya ɗauke ɗif kuma matarsa ta ba shi zaɓi: ko hoto ya dawo, ko ya nemi tuwon Salla wani wuri. Sai tela. Sai ƙanen Alhaji. Sai muryar uwargida daga bayan ƙofar zaure: "Alhaji, mu Arhwa ta ɗauke muna tun ɗazu." Aka fara duban juna. Can daga baya wani, wanda har yau ban san ko wane ne ba, ya ce a hankali, "Yo wa anka ba amanar Arhwa?" Shekara biyar ina layin nan ba a taɓa tuna mini addinina ba sai ran nan. Maganar ta yi mini ciwo fiye da zancen rumfa.

"Ishaya," Alhaji ya ce, "mi kay yi?"

Na ɗauke ƙafa, na ɗauki wayar, na mayar da ita inda take. Yayyafi ya rufe Arfa. Mutane masu fararen kaya a cikin farin yayyafi, ba fuska ba hanci, sai dai ka ga abu yana motsi. Na zauna a ƙasa na jingina da bango. Na gama sallamawa.

Ba a yi minti biyar ba sai guɗa ta tashi daga bayan katangar Tsahiru. "Ga Inna! Ga Inna da lema!" Kafin a rufe baki wata guɗar ta amsa daga gidan tela. Alhaji ya kama tele da hannu biyu.

"Ina? Ina take?" Ya ƙura wa wata inuwa ido, gajera, tana ɗan ɗingishi a gefen hoto. "Ita ta! Wallahi ita ta! Ku dibi tahiyatta!"

Wuri ya kaure. Kowa ya gan ta. Tsohon da ya yi kuka ɗazu ya ce shi tun kafin a yi guɗa ya gane ta, kunya ta hana shi faɗi. Alhaji yana share hawaye da hannun riga yana kiran "Inna, Inna," kamar za ta juyo. Har la'asar guɗa tana tashi nan da can, kowane gida da lokacin da Inna ta bi ta cikinsa. Wasu da lema suka gan ta, wasu da buta. Matar liman ta ce har hannu ta ɗaga mata.

Da aka watse Alhaji ya dafa kafaɗata. "Da hwarko ka so ka ɓata muna shi," ya ce, "amma daga baya ka gyara. Kak ka sake taɓa shi." Kafin Salla ta wuce labari ya kai Keita. Wani attajiri ya aiko takanas a yi masa irin na Alhaji Illa, mai nuna mahajjata.

Ku kuna dariya, ni ban yi ba, don Inna za ta dawo. Kuma duk Madawa an san bakinta. Tsohuwa ce da ba ta taɓa rufa wa kowa ƙarya ba, ita ce ke gaya wa mai jego a gaban dangi cewa jaririn ya ɗauko kunnen kakansa. In ta ce ba ta bi ta wurin ba, Alhaji ya ji kunya gaban mutum hamsin da gida goma sha huɗu, kuma kunyar babba ba ta kwana a kansa, sai ta sami na ƙasa ta sauka.

Bayan ta dawo da kwana biyu na je gaisuwa, kamar kowa. Tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta rame, ga tiren dabino a gabanta da ƴar butar zamzam. Alhaji yana gefe yana washe baki. Mata sun kewaye ta, kowacce tana ba ta labarin inda ta gan ta da abin da take riƙe da shi. Tana saurare, tana gyaɗa kai. Da na durƙusa na gaishe ta sai ta ɗaga hannu aka yi shiru.

"Kai Ishaya, kai ad da na'ura. Kai ma ka gane ni?"

In na ce e, na yi wa tsohuwa ƙarya tana sabuwar dawowa daga ɗakin Allah. In na ce a'a, na ƙaryata Alhaji a tsakar gidansa.

Na ce, "Inna, ni ina bayan tele riƙe da waya. Ban ga kowa ba."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta juya ga matan ta ce, "To, dut wanda yag gane ni, Allah shi ƙara mai hasken ido." Aka ce amin. Aka yi sallama da Alhaji a waje ya fita, mata suka koma rabon tsaraba. Ina sa takalmi ta yafito ni. Ta ɗebi dabino cike da hannu, ta jawo kaina kusa da bakinta.

"Ran Arhwa ko ƙohwar tanti ban leƙa ba," ta ce. "Masassara ta kada ni tun sahe, kwance niy yini. Malammai sun ce Arhwata ta yi, tunda cikin hilin nike."

Na ce, "Inna, to in..."

"Ka bar su da ganinsu. An ce mini Illa ya yi awa biyu durƙushe shina biɗata da ido." Ta gyara mayafi. "Rabon da shi biɗe ni hakanga tun shina rarrahe. Tashi ka koma bakin aikinka."

Na karɓi dabinon hannu biyu na fito. Har Alhaji ya bar duniya bai ji wannan magana daga bakina ba. Rumfar kuwa ita ce wannan da kuke zaune a ciki.